Sunan da Ke Ƙarshen Waƙar Malam

Ana idar da sallar asuba muka bar ƙauyenmu na yamma da Dandume, ni da ƙanen maigidana da jakinsa. Ku da kuke ta zuwa yi mini sannu da hanya kuna tambayar yadda aka ƙare, ga shi na roƙi maƙwabcinmu mai karatu ya zauna ya rubuta, don duk lokacin da na maimaita da bakina sai na yi kuka. Ni ban san baƙi ko ɗaya ba. Abin da na gani zan faɗa. Wanda ban gane ba zan ce ban gane ba, kuma shi ya fi yawa.

Ban daɗe da fita takabar Malam ba wani falke ya kawo mana labari cewa an kama babban yaron gidanmu. Kun san shi ne na fari, ban taɓa kiran sunansa ba, "wancan yaron" nake cewa ko da yake furfura ta fara fito masa. Marini ne a wani gari mai ganuwa gaba da Ƙarfi, ta hanyar Matazu, garin da aka kai ni aure tun ina yarinya. Ba zan faɗi sunan garin ba, don yaron can yake zaune da iyalinsa har yanzu. Mai garin ya ƙara kuɗin karofi, wato abin da marina ke biya a kan ramukan rininsu, mutane suna ta gunaguni, sai aka ji shi yana rera wata waƙa a bakin aiki. Aka ce shi ya tsara ta don ya zagi mai gari. Aka sa masa mari a ƙafa. Falken ya ce in abin ya tabbata za a yi masa bulala a kasuwa, a ƙwace ramukansa, a fitar da shi daga gari da matansa da 'ya'yansa. Shi kuwa ya ce waƙar ubansa ce, aka ce to ya kawo shaida kafin a gama kaka.

Gaskiya ya faɗa. Malam ne ya yi ta, yaron yana goye a bayana. Takardar da ya rubuta ta ta ƙone tare da rumbunanmu shekarar da mahara suka zo daga arewa. Abin da ya rage yana cikin kaina, don a ɗakina ya tsara ta ina kaɗi. Ya ce juyin mazarina ne ke riƙe masa ma'aunin baiti. Waƙar ta fita ta bi duniya ba suna, sai baitin ƙarshe kaɗai da bai taɓa bari ya ƙetare zaure ba, saboda tsoro. A cikinsa akwai sunan Malam, akwai sunan yaron, akwai kuma wanda ya roƙi a yi waƙar. Ni kuwa duk sa'ad da na zo wurin sai in rufe baki in bi shi da guɗar hanci, don ina mace za ta kira sunan mijinta da na ɗan farinta? Shi ya sa yaron, da ya koye ta daga bakina, bai san akwai wani baiti a wurin ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai tun kafin mu tashi shi ne wannan. Wanda ya roƙi waƙar shi ne wannan mai garin da ya sa mari. A lokacin Yarima yake, baffansa ke riƙe da gari yana matsa wa talakawa, shi kuma yana neman rawani. Ya zo zauren Malam da kansa, ya aiko da riga daga baya. Ko ya manta ne, ko bai manta ba? Ƙanen Malam ya ce mini tun a bakin ƙofa: "Matar yaya, in an je, ki faɗi sunayen ki tsaya. Kada ki taɓo maganar Yarima a gaban fadawa, kada mu je fitar da mutum ɗaya a rufe uku, har da jaki." Na ce na ji.

Hanyar Funtua ta yi mana kyau. An sare dawa an jingine ta kan juna tana shan iska, gonakin auduga sun yi fari har inda ido ya kai. Ƙanen Malam ya tsufa kamar ni, kunnensa ɗaya ya daina aiki, amma wasan da yake yi da ni tun ina amarya bai bari ba. Ya ce in hau jakin, na hau, jakin ya tsaya cak. Ya ce dabbar ta san nauyin bakina ne. Na sauka, ya ɗora ƙunshina, muka taka duka uku.

Da rana ta ɗaga muka zauna a gindin wata ɗorawa kusa da wata gona, mata suna tsinkar auduga suna waƙa. Tun kafin in ji kalmomin na gane karin. Na Malam ne. Wurin da shi ya ce:

Ka auna hatsin talaka da babban mudu,
Da shi za a auna maka ran tsayuwa,

su sun mayar da shi kan miji marowaci mai auna wa matansa tsaba da ƙaramin ƙoƙo, suna yi suna shewa. Na sa haɓar zane a fuska na yi ta kuka. Ɗaya daga cikinsu ta zo ta duba ƙafata ko ƙaya ce, da ba ta ga komai ba ta ce yunwa ce, ta zuba mini gyaɗa a hannu. Na tambaye ta wa ya yi waƙar. Ta ce ai ba wanda ya yi ta, waƙar tsinkar auduga ce, tun kakanni.

Funtua gari ne ƙarami a gindin duwatsu, amma kasuwarsa tana ci. Auduga ta yi araha har mai ita yana bin ka, gishiri kuwa sai ka tambaya sau biyu ka ga ko da gaske ake. Muka sha fura mai yaji, muka kwana gidan wata 'yar'uwar uwar ƙanen Malam. Da safe muka shiga cikin ayarin fatake masu kanwa da za su Malumfashi, don an ce dajin gaba da Bakori ba a shigarsa mutum biyu. Madugunsu ya dube ni ya ce ko zan iya, na ce in jakin nan zai iya zan iya.

A wani rafi da ruwansa ya janye ya bar yashi muka tarar da Fulani suna shayar da shanu. Matansu suka sayar mana da nono mai kauri, sun ƙi ragi ko kaɗan. Wani dattijo a cikinsu yana jingine da sanda yana rera karin nan dai da Hausarsa mai karkata. Tasa a kan masu karɓar jangali ce, ya sa baitoci na shanu da maruƙa da ban taɓa ji ba. Sun yi daɗi. Wannan ne ya fara tsorata ni, don muna tafiya na kama bakina yana maimaita su kamar na gida.

Mun shiga Malumfashi ranar kasuwa. Ban taɓa ganin dawa da gero da wake tsibi-tsibi haka ba, ga rake, ga dankali, ga masu tuyar ƙosai a jere hayaƙi na shiga ido. Muna neman inuwa sai ga wani babban mutum bisa doki, maroƙi na biye da shi da mai kalangu. Malam ya ce a waƙarsa, kuma wannan baitin ne aka kama yaron a kansa:

Makiyayin da ke cin 'yan tumaki,
Ya bar kura tana hutawa.

Maroƙin nan ya ɗaga murya da karin Malam sak, ya ce mai dokin shi ne makiyayin da ke tsare 'yan tumaki, ya hana kura hutawa. Mai doki ya ji daɗi, ya cire hula ya miƙa masa. Na tsaya baki buɗe. Abin da aka sa wa wani mari a kansa, ga wani ya ɗan juya shi ya samu hula. Da taron ya watse na matsa na ce masa waƙar nan ta maigidana ce, kuma ba haka take ba. Ya yi dariya ya ce, Iya, ta kakansa ce, da ita aka yi wa sarakuna uku kirari. Ya ba ni goro.

Masaukinmu gidan wani malami ne, mutumin kirki, ya sa aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka har da man shanu. Ƙanen Malam ya ba shi labarin abin da ya fito da mu. Malamin ya shiga ciki ya fito da takardu a cikin gafaka, ya karanta mana waƙar, kusan yadda na san ta. Zuciyata ta yi sanyi, na ce ga shaida Allah ya kawo. Sai ya ce wannan wa'azi ne na ɗaya daga manyan malaman yamma na zamanin farko, haka malaminsa ya gaya masa, har wanke ta ake yi a ba shugabanni su sha don su yi adalci. Ya ce in ji tsoron Allah, kada baƙin cikin rashin miji ya sa in jingina masa abin da ba nasa ba. Bai faɗa da faɗa ba, da tausayi ya faɗa, shi ya sa ta fi shiga. Na tambaye shi ko tasa tana da baitin da mai ita ya faɗi sunansa. Ya duba ya ce babu.

Muka kama hanyar Ƙarfi. Ina ta tambayar kaina. Mata sun ce ta kakanni ce, maroƙi ya ce ta kakansa ce, mai takarda ya ce ta waliyyi ce. Ni kaɗai, tsohuwar da ba ta san alif ba, nake cewa a ɗakina aka yi ta. Ko Malam ma ji ya yi a wani wuri ya kawo? Amma ina tuna shi zaune bakin gado yana lanƙwasa yatsu, yana cewa in rage sauri, baitin bai cika ba. Wannan dai ban yi mafarkinsa ba. Ko na yi?

A Ƙarfi abin ya canza. Ƙasar jar laka ce mai kyau, rumbuna sun cika, amma mutane suna magana ƙasa-ƙasa in an ambaci garin da za mu. Mun sauka gidan wata mai daddawa da ke cin kasuwar can. Ina taya ta tsince kalwa da la'asar, bakina ya fara karin ban sani ba. Ta yi wuf ta rufe mini baki da hannu, warin daddawa har cikin kaina. Ta ce a garin can yanzu ko fito ka yi da wannan karin barorin mai gari za su tambaye ka. Ta ce amma kowa na yin ta a ciki, masu bugun tufafi suna bugu da ita, mata suna daka da ita. Sai ta matso ta raɗa mini wani baiti:

Karofi ya bushe, baba ya ƙare,
Mai gari na ta ƙirgawa.

Ta ce wannan ma na mijin naki ne? Na buɗe baki in ce a'a, sai na ji ya zauna daidai da sauran, kamar ɗan uwa ɗaya. Na ce ban sani ba. Da safe na gwada rera waƙar daga farko ni kaɗai a bayan ɗaki, ta ƙi. Shanun Fulani suka shigo, ƙoƙon miji marowaci ya shigo, karofi ya shigo. Na zauna a ƙasa na kira Malam a zuciyata na ce ka tafi ka bar ni da kayan da ba zan iya ɗauka ba.

Garin da na yi amarci ban gane shi ba. An ƙara wa ganuwa tsawo, an sare tsamiyar ƙofar gidanmu na da, wasu mutane ne a ciki. Mai tsaron ƙofa ya karɓi kuɗin shiga a kan jakin, ƙanen Malam ya ce a ƙirga jakin cikin mutane, ya fi wasu hankali, mai tsaron bai yarda ba. Muka bi ta marina. Ramuka a rufe da faifai, ba mai motsa baban rini, mazaje zaune a inuwa hannayensu shuɗaye ba aiki. Da suka ji ko ni wace ce suka miƙe suka gaishe ni kamar wata babba. Ɗaya ya ce ɗana ya faɗi abin da ke cikinsu, ba za su manta ba.

Uwargidan yaron ta kai ni inda ake tsare da shi, wani ɗaki a bayan gidan mai gari. Yana zaune a ƙasa, ƙarfen ya ci masa idon sawu. Ya ce, "Inna, sannu da hanya." Ban dube shi ba, ban saba ba. Na juya wajen mai gadi na tambaye shi ko ana ba mutanen nan abinci. Ya ce ana ba su. Na ajiye ƙullin dakuwar da na zo da ita a bakin ƙofa na fita.

Da hantsi washegari aka shigar da mu zauren mai gari. Ya tsufa ƙwarai. Saurayin da na taɓa leƙe ta tsagar asabari ya zama tsoho mai farin gemu, idonsa ɗaya ya yi yana. Alƙali na gefensa, fadawa sun cika wuri, aka kawo yaron aka zaunar. Ƙanen Malam ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce waƙar ta yayansa ce, tsohuwa ce. Alƙali ya ce kowa zai iya cewa haka don ɗan'uwansa, ina abin da zai nuna? Aka ce in rera.

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na sake, sai baitin shanu ya taho, na haɗiye shi. Wani bafade ya ce tsohuwa ta manta karatunta. Na ce wa alƙali, "Allah gafarta Malam, a taimake ni da mazari da 'yar auduga. Ban taɓa yin ta hannu sake ba." Aka yi dariya, har mai gari ya murmusa. Alƙali bai yi dariya ba, ya ce a kawo mata. Aka karɓo daga cikin gida, da sutun auduga da ɗan alli. Na shafa allin a yatsu, na murza mazari a cikin ƙoƙo, zare ya fara fita. Sai ga ta.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da mulki, Mai karɓewa.

Baitoci suka riƙa zuwa bi da bi, kowane a wurinsa, ba shanu, ba ƙoƙon tsaba. Ban ga zaure ba, ɗakina na gani, da Malam a bakin gado. Da na zo kan makiyayi na ji fadawa sun motsa, wani ya yi gyaran murya, ban tsaya ba. Na wuce mudu, na wuce kabari, na wuce hisabi. Na hango ƙarshen yana tahowa. Bakina ya fara rufewa da kansa yadda ya saba shekara da shekaru, hancina ya ɗauki guɗar. Sai na ji ƙarar ƙarfen ƙafar yaron, ya gyara zama. Na buɗe.

Ni Idrisu na tsara ta a ɗaki,
Hamza na goye, bai fara tsayawa.

Ƙanen Malam ya yi tari, tari mai ƙarfi, na gane abin da yake nufi. Amma wanda ya taɓa kaɗi ya san ba a sakin zare mazari na juyi. Kafin in yi shawara sauran ya fita:

Yarima ya roƙa, ya aiko riga,
Ya Rabbi gafarta mini, ni da kowa.

Zaren ya tsinke. Zauren ya yi tsit, ina jin kukan kurciya a waje. Na sunkuyar da kai hawaye na zuba a kan audugar mutane. Ba tsoro ne ya sa ni kuka ba a lokacin. Kunya ce. Na kira sunan mijina a gaban maza.

Alƙali ya ce baitin ya nuna wanda ake tuhuma yana jariri aka yi waƙar, in gaskiya ne, amma maganar mace ɗaya ba ta yanke hukunci. Mai gari bai dube shi ba, ni yake kallo da idon nan mai gani.

Ya ce, "Wace irin riga?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kore ce baƙa, mai aikin aska biyu. Tartsatsi ya ɗan ƙona bakin aljihun."

Ya ce, "A zauren baffana ta ƙone, ina hura masa wuta. Ya sa ta kuwa?"

Na ce, "Gara ce ta sa ta, ranka ya daɗe." Ban san yadda aka yi ta fita ba. Gaskiya ce dai. Yarima na samun rawani aka ci gaba da auna hatsi da mudun da, Malam ya ninke rigar ya sa a tukunya, bayan kaka muka tashi muka koma yamma. Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ɗauka a nan za a rufe mu duka. Sai tsohon ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce wa alƙali ya sa shi cikin shaidu, tsohuwa ta yi gaskiya, a kan baffansa aka yi waƙar, azzalumi ne, Allah ya ji ƙansa. Ya ce a cire marin. Alƙali ya tambaye ni baitin karofi fa, na wa ne? Na ce na ji baitoci da yawa a hanya har ban san na wa da na wa ba, kuma ban yi ƙarya ba. Mai gari ya kaɗa hannu ya ce wannan ba ya cikin tasa. Tasa ya ce. Sa'an nan ya yi umarni maroƙansa su zauna da ni su koye ta duka har baitin ƙarshe, a riƙa yin ta a ƙofar gidansa kowace Juma'a, don yaran yanzu su san wanda ya tsaya wa talakawa tun ba a haife su ba. Ya sa aka ba ni zane. Kuɗin karofi kuwa ba wanda ya tayar da maganarsa, yana nan yadda aka ƙara shi.

Na koya musu. Yaya zan yi? Ranar Juma'a bayan an sauko ina cikin gidan yaron na jiyo ganguna, na jiyo wani ƙato yana kwarara sunan Malam da na yaron har bayan gari, mutane suna cewa ranka ya daɗe. Da ya zo kan makiyayi mai cin tumaki, fadawa suka fi kowa ɗaga murya. Marina sun zo yi wa yaron barka, amma a tsaye suka yi ta, ba su zauna ba. Wanda ya ce mini ba za su manta ba ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Washegari an buɗe ramuka, an koma aiki, ban ji ko mutum ɗaya yana karin ba.

Da safen da za mu taso yaron ya rako mu har ƙofar gari yana ɗingishi. Ya bar baffansa ya yi gaba da jaki. Ya ce marina sun ce waƙar ta zama ta fada, ba su da abin rerawa kuma. Na tambaye shi, ina kallon hanya, ko shi ya ƙara baitin karofi. Ya ce shi ma bai sani ba, a bakin rami ya tsiro. Muka yi 'yan taku.

Ya ce, "Inna, ashe don riga Baba ya yi ta?"

Na ce, "Ban sani ba. Abin da ya faɗa a ciki haka yake a lokacin. Rigar kuma bai sa ba."

Ya ce, "Haka yake yanzu ma." Sa'an nan ya ce, murya ƙasa, "Na dai ji kin kira ni."

Na gyara lulluɓi na bi jakin. Amma sai da muka yi nisa na waiwaya, yana nan tsaye a bakin ƙofa, na daɗe ina kallonsa yadda ban taɓa yi ba tun yana goye.

Dawowa ba ta yi wuya ba. A Ƙarfi mai daddawa ta riga ta ji labari, ta ce yanzu wanda bai iya waƙar ba shi ake harara. A Malumfashi ban koma gidan malamin nan ba, ban da ƙarfin gardama. An gama tsinkar auduga a gonakin Funtua, sai karare. Ƙanen Malam bai yi mini faɗa ba, sai dai duk wanda muka haɗu da shi ya gaya masa matar yayansa ta shiga fada da mazari ta fito da zane. Muka iso gida da azahar, na tarar kaji sun shiga ɗakina.

Kuna tambayata abin da na koyo. Na koyo cewa waƙa ba ta zama inda aka haife ta, kuma mai mulki yana iya ɗaure mutum a kanta da safe ya sa a buga masa ita da ganga kafin Juma'a. Ban da wannan ban gane komai ba. Ban san ko mai gari ya manta ba ne ko ya ga hanyar da ta fi bulala. Ban san ko na fitar da yaron na miƙa waƙar ubansa ba ne, ko dama can ta mai rigar ce. Yaron dai yana gidansa, ramukansa na hannunsa, ƙafarsa tana warkewa. In aka sake mayar da ni zauren nan zan sake faɗa.

Jiya na ɗauki mazarina karo na farko tun da na dawo. Waƙar ta zo, na bi ta har ƙarshe. Sunan yaron na faɗe shi a fili, ni kaɗai a ɗaki, har sau biyu. Da na zo kan na Malam bakina ya rufe, na bar shi ya rufe. Wanda ake kira da ganga a ƙofar mai gari ban san shi ba. Nawa shi ne wanda nake haɗiyewa.